Waɗanda suka riƙe BBS mai layi fiye da ɗaya: yaya kuka yi da rabon wasiƙu?

Mai_Layi_Biyu:
Salamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka riƙe allon BBS (kwamfutar da mutane ke kira ta layin waya don karanta saƙonni da barin nasu) a zamanin modem ne, musamman 'yan FidoNet, hanyar da allunan BBS ke aika wa juna wasiƙu. Ina karatu a Jamus wajen 1994 lokacin da ni da abokin zamana muka ƙara layin waya na biyu. Manhajoji uku muke amfani da su: FrontDoor ke ɗaukar kira, RemoteAccess ke karɓar mutane, FastEcho ke raba wasiƙu, duka a kwamfuta ɗaya ƙarƙashin DESQview, manhajar da ke gudanar da shirye-shiryen DOS da yawa lokaci guda, kowanne a tagarsa. Da layi ɗaya komai lafiya: ƙunshin wasiƙu ya shigo, FrontDoor ya fita da lambar da ke nuna wasiƙa ta iso, fayil ɗin BAT (jerin umarnin DOS) ya kira mai rabo, a koma jiran kira. Da muka zama biyu, wani dare kowane layi ya karɓi ƙunshi kusan lokaci guda, kowanne ya tayar da nasa mai rabon a kan rumbun wasiƙu ɗaya. Da safe muka tarar kan wasiƙar wani na ɗauke da jikin wasiƙar wani. Hirar mutane ta mako biyu ta salwanta, kuma har yau abin na damuna. Ku yaya kuka yi?

Tsohon_Sisof:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ya same ku ya same ni a Amurka, ni da layi uku. Farko na yi abin da kowa ke yi: kafin rabo a duba ko akwai fayil ɗin tuta (alamar cewa wani layi na kan rabo), in babu a ƙirƙira shi, a yi aiki, a goge. Ya rage ɓarna amma bai kashe ta ba, domin tsakanin dubawa da ƙirƙira akwai ɗan taƙi. DESQview na iya sauya taga a daidai nan, layi na biyu shi ma ya duba ya ga babu tuta.

Sai na juya dabarar. Na ajiye fayil guda tak, kamar mabuɗin shago. Layin da ke son rabo ya yi REN, ya sauya masa suna zuwa nasa, sannan ya duba ko sunansa ya samu. Sauya suna aiki ɗaya ne a wurin DOS, ba ya rabuwa biyu, saboda haka mutum ɗaya ne zai rabauta. Wanda ya rasa ya bar alamar cewa akwai wasiƙa na jira, ya koma kan wayarsa. Kuma kada a manta da SHARE.EXE, shirin DOS mai kula da kulle fayiloli; in ba a loda shi ba, kulle fayil a DOS suna ne kawai.

Hajiya_Fido:
Malam, dabararka ta yi, amma me kake yi in wuta ta ɗauke mabuɗin na hannun wani layi? Ni a ofishin wata ƙungiya na yi aiki, muna karɓar wasiƙu ta Fido ta hanyar GreenNet a Landan. Layinmu biyu, kuma wutarmu ba ta da tabbas. Sau ɗaya tuta ta maƙale tun daren Juma'a, kowane layi yana zaton ɗan'uwansa ne ke aiki. Sai Litinin na gane, bayan mutane sun yi ta zuwa suna tambayar amsoshin da suke jira. Daga ranar na sa AUTOEXEC.BAT, fayil ɗin da DOS ke gudanarwa da kansa wajen tashi, ya share duk wata tsohuwar tuta da zarar an kunna kwamfuta, kafin kowane layi ya tashi.

Tsohon_Sisof:
Gaskiyarki, Hajiya. Ni ma haka na yi daga baya, har da fayilolin BSY, wato tutocin “ana aiki” da BinkleyTerm (takwaran FrontDoor) ke bari in kira ya yanke a tsakiya.

Ɗan_Zone2:
Ni a ganina duk wannan magani ne na rabin hanya. Na cire rabo daga hannun layukan gaba ɗaya. Na buɗe taga ta uku wadda ba ta da modem, aikinta kawai ta zagaya tana duba alama. Layi ya karɓi ƙunshi, ya ajiye alama, cikin daƙiƙa kaɗan ya koma jiran kira. Tagar ta raba, ta ajiye FDRESCAN.NOW don FrontDoor ya sake duba abin aikawa. Mai rabo ɗaya ne, babu wanda zai yi karo da shi, kuma mai kira ba ya tarar da layi a rufe.

Abu biyu suka ba ni wahala. Rabo na cinye ƙarfin kwamfutata ƙirar 486, mai sauke fayil a ɗaya layin ya riƙa rasa haruffa, sai da na sa katin haɗa modem da ke da 16550, guntun da ke riƙe haruffa har kwamfuta ta samu damar ɗauka. Na biyu shi ne matse rumbu da sake jera lambobi. Rumbun wasiƙu irin na Hudson, wanda nake amfani da shi, ƙalilan ɗin fayiloli ne da duk zauruka ke tarayya a kansu, ba a matse shi da mutum a ciki. Sai na haɗa aikin da Sa'ar Wasiƙa ta shiyyarmu (sa'ar da FidoNet ta keɓe don musayar wasiƙu kawai), 02:30 zuwa 03:30 agogon GMT, tunda babban layi dama ba ya karɓar mutane a lokacin. Da sa'ar ta ƙare, ƙarfe uku da rabi, sai in rufe duka layukan na minti goma in matse rumbun.

Mai_Layi_Biyu:
Na gode ƙwarai. Yaya Ɗan_Zone2, in tagar taka ta fara rabo alhali ɗaya layin yana tsakiyar karɓar wani ƙunshi fa? Mu ya taɓa buɗe mana rabin fayil ya jefa shi cikin lalatattu.

Ɗan_Zone2:
Ya faru da ni sau ɗaya. Sai na raba wurin sauka da wurin rabo: layi ba ya matsar da ƙunshi zuwa inda tagar ke dubawa sai kiran ya ƙare.