Zan zana PCB (allon sakit da ake bugawa) dina na farko, ku taimaka da shawara

Salam 'yan uwa. Na haɗa ƙaramin sakit na cip ɗin ATmega328P a kan burodbod (allon gwaji da ake cusa wayoyi ba tare da solda ba) yana aiki lafiya, amma da an ɗan taɓa waya ɗaya sai komai ya tsaya, abin ya ishe ni wallahi. Yanzu na sauke KiCad (manhajar zana PCB) ina so in mayar da shi allo na gaske, me zan fi kula da shi kafin in tura Gerber (fayilolin zanen da ake ba masu buga allo) a buga?

Amsa 1:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka manta da kafasito 100nF, ka manna shi dab da ƙafar VCC (inda wuta ke shiga cip ɗin), in ya yi nisa cip ɗin zai riƙa sake tashi da kansa kana ta neman laifi a kod alhali ba nan matsalar take ba. Layin wuta kuma ka faɗaɗa shi ya fi na sigina kauri, bayan allon ka cike shi da GND (layin ƙasa, wato negatif).

Amsa 2:
Ni footprint (zanen wurin zaman ƙafafun kaya a allo) ne ya taɓa cin kuɗina, allo ya iso ramuka ba su dace da ƙafafun kayan ba. Ka buga zanen a takarda 1:1 ka ɗora kayan a kai ka gani da idonka.

Amsa 3:
Ka gudanar da DRC (binciken kurakuran zane a KiCad) tukuna. In SMD ne (kayan da ake mannawa a saman allo ba rami) fara da masu girman 0805, yana soldaruwa da hannu.

Mai tambaya:
Na gode sosai, yau da dare zan gwada na takardar.