Modem ɗaya, kwamfutoci uku: yaya za a raba intanet ɗin?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Modem ɗin rami ɗaya gare shi na kebul, kwamfutoci kuma uku ne, biyu na tebur da laftof ɗaya. Wai in an jona suwic, wato akwatin nan mai ƙara ramukan kebul, za su samu intanet dukansu?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam. In modem ɗin tsura ne, wato babu rauta a cikinsa, suwic kaɗai ba zai yi ba, Malam. Kamfanin intanet yawanci adireshin IP ɗaya (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) yake ba gida, kwamfutar da ta riga ta karɓe, sauran su tashi a tutar babu. Rauta ake buƙata. Ita ke riƙe adireshin nan, ta raba wa kowace na'ura nata na cikin gida ta hanyar DHCP, wato tsarin da ke raba adireshi da kansa.

Kashe modem. Ɗauko kebul daga gare shi zuwa ramin WAN na rauta (na shigowar intanet), ba LAN (na na'urorin gida) ba, nan mutane suka fi kuskure. Kwamfutocin tebur su shiga ramukan LAN. Kunna modem tukuna, bari fitilunsa su tsaya, sannan rauta. Wasu modem suna liƙe wa na'urar farko da suka gani, sai an kashe an kunna suke sakinta.

Amsa ta 2:
Ƙari kaɗan. Kebul nau'in Cat5e ya isa saurin gigabit ɗaya har tsawon mita 100, amma sai silin wayoyi takwas ɗin cikinsa duk suna aiki. Ɗaya ya tsinke ko an matse kan ba daidai ba, saurin yakan faɗo zuwa megabit 100. In ka ga adireshin kwamfuta ya fara da 169.254, ba ta samu rabo daga rauta ba ke nan, duba kebul da DHCP.

Laftof kuwa Wi-Fi ya ishe ta. Shiga shafin saitin rauta ta hanyar rubuta 192.168.1.1 ko 192.168.0.1 a burauza, sauya kalmar sirrin da rautar ta zo da ita, zaɓi WPA2 ko WPA3 a matsayin tsarin tsaron Wi-Fi. A zangunan Wi-Fi, 5GHz ya fi gudu, 2.4GHz ya fi ratsa bango.

Amsa ta 3:
Kafin ka sayi komai, ɗan'uwa, leƙa bayan modem ɗin. In akwai sunan Wi-Fi da kalmar sirri a takardar da ke manne, to rauta na ciki, suwic mai rami biyar ya wadatar. Ɗora wata rautar a kanta yakan jawo NAT biyu, wato a fassara adireshi sau biyu, wasannin intanet da kyamarorin tsaro su riƙa ba da matsala.