Me ya sa ciwon muƙamuƙi ya fi addabar mata, kuma yake tashi lokacin al'ada?

Ummu Khadija:
Assalamu alaikum. Tambayata ga likitocin haƙori da masu gashin ƙashi ce. Mata da yawa na kukan ciwo a gaban kunne da cikin kunci, tauna na yi musu wuya, wani lokaci har da ciwon kai, kuma sukan ce abin ya fi tsananta idan al'ada ta kusa. Shin da gaske sinadaran homon na jinsi suna taɓa tsokar muƙamuƙi, ko dai dacewa ce kawai? In kuwa haka ne, a daina shan ƙwayar tazarar haihuwa ke nan?

Dakta Nasiru:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba dacewa ba ce. Kafin balaga, maza da mata kusan kai ɗaya suke a wannan ciwo. Da zarar an balaga sai mata su yi gaba, su ninka maza kusan sau biyu, abin ya fi yawa tsakanin shekara 20 zuwa 40, sannan ya ja baya bayan mace ta daina al'ada. Wannan tsari shi ya fara jawo hankalin masu bincike zuwa ga istrojin, wato sinadarin homon na mata.

Sai dai akwai kuskuren da ake yawan yi, wato a ɗauka yawan istrojin ne ke kawo ciwon. Wata mai bincike a Jami'ar Washington da ke birnin Siyatil na Amurka, Linda LeResche, ta sa mata masu wannan ciwo suna rubuta tsananinsa kullum har tsawon zagayen al'ada 3, aka fitar da sakamakon a 2003. Ciwon yana hawa ne a ƙarshen zagaye, ya kai ƙololuwa a kwanakin jini, daidai lokacin da istrojin ya faɗi ƙasa. Ga waɗanda ba sa shan ƙwayar tazara, akwai wani ɗan tashi kuma a wajen kwana na 13 zuwa 15, lokacin fitar ƙwai, da istrojin ke hawa da sauka cikin sauri. Masu juna biyu kuwa, waɗanda istrojin ɗinsu ke sama kuma bai cika tangal-tangal ba, galibi sauƙi suke samu yayin da cikin ke girma. To kin ga faɗuwar sinadarin da saurin canzawarsa su ne matsalar.

Dalili kuwa, jiki yana da nasa maganin kashe zafi a ƙwaƙwalwa, dangin mofin. A Jami'ar Michigan, cikin 2006, an ɗura wa mata ruwan gishiri mai ƙarfi a tsokar kunci don a tayar da ciwo, ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Lokacin da istrojin ke sama wannan tsari na kashe zafi ya yi aiki sosai, da istrojin ya yi ƙasa kuma sai tsarin ya raunana, suka fi jin zafin. Tsokar ita ce dai, nauyin da ke kanta bai canza ba, birkin ne ya saki.

Malama Safiya (mai gashin ƙashi):
Dakta ya yi bayanin ƙwaƙwalwa, bari in sauko kan naman kansa. Manyan tsokokin rufe baki da hannu ke iya taɓawa biyu ne. Ta kunci, wadda ke kumburowa idan kika cije haƙora, da ta gefen kai, saman kunne, mai kama da mafici. Jijiyoyin jin zafi da ke cikinsu ba ɗaya suke ba tsakanin jinsi: idan aka yi allurar sinadarin gulutamet, mai tayar da jijiyoyi, a tsokar kunci, mata sun fi maza jin zafi, kuma gwaji a kan beraye ya nuna istrojin na ƙara wa waɗannan jijiyoyi saurin amsawa. Wato a tsoka yana iya zuga zafi, a ƙwaƙwalwa yana kwantar da shi. Shi ya sa amsar ba ta zuwa a miƙe.

Testosteron kuwa, wato homon ɗin maza, ya fi kama da garkuwa. Yana ƙara kaurin tsoka da ƙarfin cizo, kuma berayen da aka dandaƙe sun fi nuna alamar ciwo a gaɓar muƙamuƙi, idan aka mayar musu da sinadarin sai ya ragu.

Ita gaɓar, tsakanin kan ƙashin muƙamuƙi da ƙoƙon kai akwai wani faifan guringuntsi. Akwai wuraren da istrojin ke kamawa ya yi aiki a jikinsa. Gwajin dabbobi ya nuna istrojin tare da rilaksin, sinadarin da ke sassauta gaɓoɓi lokacin ciki, suna ƙara abubuwan da ke narkar da zaren faifan.

Abin yi, Hajiya, a fara da rubutu. Kowane dare a ba ciwon maki daga 0 zuwa 10, a rubuta kwana nawa ne a zagayen al'ada, har wata 3. In an ga kwanakin da yake tashi, sai a riga shi da kwana 2 ko 3: abinci mai laushi, a yanka shi ƙanana, a bar cingam gaba ɗaya, a gasa kunci da tawul mai ɗumi minti 15 zuwa 20 sau biyu ko uku a rana. In hamma ta zo a tallafi haɓa da hannu. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne zaman baki. Haƙoran sama da na ƙasa bai kamata su haɗu ba sai ana tauna ko haɗiya. Leɓe a rufe, harshe a ganɗa bayan haƙoran gaba, tsakanin haƙora a bar ratar milimita 2 zuwa 4. Mai cije haƙora tana aiki ko tana duba waya, tsokarta ba ta hutawa, kuma ita ce faɗuwar istrojin za ta fi kayarwa. A gwada buɗe baki ma: lafiyayye na kai milimita 40 zuwa sama, kusan yatsu uku a jere. Ƙasa da haka, ko baki ya kulle, a je asibiti.

Dakta Nasiru:
Batun ƙwaya, kada a daina da kai. Gaskiya ne wani bincike na 1997 ya ga ƙarin haɗari na kusan kashi 20 cikin 100 ga masu shan ƙwayar tazara, da kusan kashi 30 ga masu shan istrojin bayan daina al'ada, amma binciken da suka biyo baya ba duka suka yarda da haka ba. Ba a kuma ba da homon don maganin muƙamuƙi, balle mace ta nemi testosteron. Wanda ya rubuta ƙwayar shi za a kai wa takardar makin nan ya duba.

Na zafi, ibuprofen miligram 400 bayan cin abinci, na 'yan kwanaki, ban da mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko juna biyu. Mai ciki ta tsaya ga parasitamol. Mai cizon haƙora cikin barci likitan haƙori zai auna mata robar da ake sa wa haƙora a kwana da ita. Kada a yarda a goge ko a cire lafiyayyen haƙori da sunan gyara cizo, don ba ya dawowa.

Malam Bashir (ma'aikacin jinya):
Allah ya saka da alheri. Tsorona ɗaya, kada a jingina komai ga al'ada. Ciwon muƙamuƙi tare da nauyin ƙirji, gumi ko sarƙewar numfashi na iya zama bugun zuciya, musamman ga mata, wannan gaggawa ce. Wadda ta haura 50, muƙamuƙi na gajiya tana tauna, ga sabon ciwon gefen kai ko gani na dusashewa, a ga likita a ranar, domin kumburin jijiyar jini na iya makantarwa. Kumburi da zazzaɓi, a duba ruɓaɓɓen haƙori. Baki ya ƙage bayan rauni, a tuna da tetanos, ciwon da ke shiga ta rauni ya sandarar da tsoka. Budurwa kuma da haƙoranta na gaba suka daina haɗuwa, haɓarta na komawa baya a hankali, a ɗauki hoton gaɓar, don kan ƙashin na iya zaizayewa, kuma 'yan mata ya fi kamawa.

Ummu Khadija:
Na gode ƙwarai. Malama Safiya, gashin nan da ɗumi kaɗai ake yi, ko ƙanƙara ma na da amfani?

Malama Safiya:
In tsoka ce ta ɗaure, ɗumi. In gaɓar ce a gaban kunne ta yi zafi kwatsam, bayan doguwar hamma ko an bugu, a naɗe ƙanƙara a kyalle a ɗora minti 10, kada ta taɓa fata kai tsaye. Bayan kwana 2 sai a koma ɗumi.