Wanda ya taɓa goge tsohuwar Windows daga kwamfuta mai Windows biyu, ya ba mu labari

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Laftof ɗina na ɗauke da Windows 7 da Windows 10, kowacce a ɓangarenta na faifai ɗaya. Ta bakwai ɗin tun da aka daina yi mata sabuntawa a Janairun 2020 ban sake buɗe ta ba, ga shi ta cinye wuri. Ina so in goge ta, in ƙara wa ta goma filin. Wanda ya taɓa yi da hannunsa nake so ya faɗa min yadda ta kaya masa.

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka taɓa komai, danna maɓallin Windows da R, ka rubuta diskmgmt.msc don buɗe wurin da ke nuna ɓangarorin faifai, ka duba wane ɓangare aka rubuta wa "System". Sunayen nan suna ruɗar mutane: mai "Boot" shi ne inda Windows ɗin da kake ciki take zaune, mai "System" kuwa shi ke riƙe da fayilolin da ke tada kwamfutar. Idan ta bakwai ka fara sakawa, fayilolin suna cikin wani ƙaramin ɓangare mai suna System Reserved, mai 100 MB, ko kuma a cikin ɓangaren ta bakwai ɗin kansa. Idan suna cikin ƙaramin, ka huta, goge babban kawai ka bar ƙaramin. Idan kuwa suna cikin na bakwai, kana goge shi ta goma ma ba za ta tashi ba. Kusan duk wanda ake kawo min a shago da baƙin allo mai cewa "BOOTMGR is missing", labarinsa ke nan. Mutum ya ga Windows ta hana shi yin fomat, sai ya tada kwamfutar da filas ya goge da ƙarfi. Ita kuwa hanin da ta yi masa, kare shi take yi.

Maman Twins:
Nawa ya ɗan bambanta, faifai biyu ne a desktof ɗin ofishinmu. Tsohon mai juyawa na da Windows 7, aka sa sabon SSD, wato faifan da ba ya juyawa, aka ɗora ta goma alhali tsohon na jone. Ranar da aka cire tsohon don a ba wata kwamfutar, tamu ta ƙi tashi sam, ga Windows 10 lafiya lau a kan SSD amma ba mai tada ta. Da aka mayar da tsohon faifan sai ta tashi. Ƙanina ne ya buɗe Command Prompt a matsayin admin ya rubuta bcdboot C:\Windows /s C: sannan ya danna wa ɓangaren C "Mark Partition as Active". Muka kashe, muka zare wayar tsohon faifan kawai ba tare da mun goge komai ba, muka kunna. Da ta tashi sau da yawa ba matsala, sannan aka yi masa fomat.

Mai Gyara:
Hajiya, ƙanin naki ya iya. Sai dai wannan hanyar ta masu tsohon tsarin tada kwamfuta na BIOS (Legacy) ce da faifan MBR, wato mai tsohon salon rabon ɓangarori, kuma ɓangaren dole ya zama "Primary", domin "Logical" ba ya karɓar Active. Mai sabon tsarin UEFI da faifan GPT, wato mai sabon salon rabon, ba shi da zancen Active gaba ɗaya. Shi yana da ɗan ɓangaren EFI ne mai riƙe da fayilolin tada kwamfutar, wanda duk tsarukan ke tarayya a kansa, kuma wannan ba a taɓa shi. Malam, rubuta msinfo32 ka duba layin "BIOS Mode", za ka ga Legacy ko UEFI.

Bakano a Kumasi:
Ni Windows 10 na goge na bar Linux Mint, wani tsarin da ba Windows ba, da na ji an daina tallafa wa ta goma a 14 ga Oktoba 2025, kuma injin nawa ba ya cika sharuɗan ta goma sha ɗaya. Na tada da filas, na buɗe GParted, manhajar gyara ɓangarorin faifai, na goge ɓangaren Windows na bar EFI, na koma cikin Mint na rubuta sudo update-grub, sunan Windows ya ɓace daga jerin da ke fitowa in an kunna. Wannan duk bai ɗau lokaci ba. Abin da ya tsayar min da zuciya shi ne faɗaɗawa. Filin da ya fito yana hagu da ɓangaren Mint, dole sai an tura duk bayanan baya, kuma aikin na cin awanni. Ana tsaka da shi aka ɗauke wuta. Allah ya sa batir ɗina na riƙe caji, ya kai ni ƙarshe. Mai desktof da ba shi da UPS ko sola, wallahi kada ya fara.

Ɗan Zazzau:
To ai ni ma hakan ne, ta bakwai ce a hagu. Ke nan "Extend Volume" na Windows, mai ƙara wa ɓangare fili, ba zai yi min ba?

Bakano a Kumasi:
Ba zai yi ba, zai fito a dushe. Shi filin da ke manne da ɓangaren ta hannun dama kawai yake iya haɗiyewa. In ka ji shawarata, yi wa wurin fomat ka bar shi a matsayin D, ka riƙa zuba hotuna da bidiyo. Wurin dai ka samu, ba tare da ka jefa kanka a kasada ba.

Malamar Lissafi:
Ni kuma akasin na Bakano ne, Ubuntu, wani nau'in Linux, na goge na bar Windows, sai kwamfutar ta ƙi tashi, allo ya tsaya a "grub rescue". Injina tsoho ne mai MBR, don haka filas ɗin ɗora Windows na sa, na shiga gyara, na rubuta bootrec /fixmbr, shi ke nan. Amma da wata kwamfutar na haɗa filas ɗin, domin tawa ta riga ta kwanta. Ku haɗa naku tun kafin ku fara, mai 8 GB ya isa. Kuma a cikin wurin gyaran haruffa na canjawa, abin da ka sani da C yana iya zama D, sai ka rubuta dir ka tabbatar kafin ka ba da umarni.

Maman Twins:
Ka kuma leƙa cikin Users na tsohuwar kafin ka goge. Mu mun tarar da takardun shekaru a Desktop da Downloads waɗanda kowa ya manta da su. Idan akwai BitLocker, wato makullin faifai na Windows, rubuta lambobin nan 48 na buɗe shi a takarda.

Ɗan Zazzau:
Na duba yanzu. Legacy ne, kuma "System" na kan System Reserved, ba kan ta bakwai ba. Mai Gyara, bayan fomat ɗin, yaya zan cire sunanta daga jerin da ke fitowa in na kunna?

Mai Gyara:
Rubuta msconfig, shiga "Boot", ka mai da ta goma "default", ka zaɓi ta bakwai ka danna "Delete". Amma kwashe fayilolinka tukuna, kuma filas ɗin ya kasance a kusa da kai.