Sanar da Iyaye Idan Matsala ta Auku a Ɗakin Cin Abincin Makaranta

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawar da muka yi kan yadda makaranta za ta sanar da iyaye idan matsala ta auku a ɗakin cin abinci:

1. Bakinmu ɗaya a nan: yaron da ya ƙware ko ya ci gurɓataccen abinci, a kira iyayensa nan take. Saƙon tes bai wadatar ba.
2. Sauran iyaye su ji daga makaranta a ranar, kafin yara su kai labari gida da ƙarin gishiri.
3. A faɗi abin da ya faru, ƙarfe nawa, da alamun da za a sa wa ido cikin dare: amai, gudawa, kumburin leɓe ko numfashi da ƙyar. Ban da sunan yaro.
4. An rabu kan ƙananan abubuwa, kamar santsi ya kayar da yaro. Wasu suka ce a sanar da kowa, wasu suka ce yawan saƙo kan sa a daina karantawa. Ni dai ina tare da na biyun.