Bangon sabon bene ya tsage, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Injiniyoyi da magina, don Allah ku taimaka mini.

Bara na sayi gida a hawa na uku na wani sabon bene a Tumfure, nan Gombe. Damina ɗaya ya gani, sai ga tsaga daga kusurwar taga, a karkace, har ɗan yatsana yana shiga. Sau biyu muna liƙewa da siminti, tana sake buɗewa. Ƙofar ɗakin ma yanzu sai da ƙarfi take rufuwa.

Mai ginin ya ce filasta ce kawai. Hankalina bai kwanta ba, yarana huɗu nan suke kwana.

Fandisho ne ke nutsewa, ko rodi aka rage? Wa zai iya gwada ƙarfin kankaren ba tare da an fasa ba?