Wane irin kare ya dace da gida irin nawa a Dogarawa?

Mazaunin Dogarawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Bara na tare a gidana da ke bayan Dogarawa a Zariya, inda har yanzu kangwaye ne hagu da dama. Watan jiya aka hauro katanga cikin dare aka kwashe mini tumaki biyu. Ko motsi ba mu ji ba. Da asuba na fito alwala na tarar da guntun igiya a turke, an datse ta da wuƙa. Tun ranar barcina rabi da rabi ne.

Wani abokin aikina ya ce in sayi ɗan kwikwiyon Caucasian, wai girmansa kaɗai ya isa ya kori ɓarawo. To ni tun safe nake tafiya aiki Samaru, sai bayan la'asar. Uwargida ce a gida da yara 3, ƙaramar shekararta 2, ga kaji a tsakar gida. Wanda ya san harkar ya taimaka mini, don Allah.

Mai duba dabbobi, Samaru:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Gaskiya ban ba ka shawarar Caucasian ba. Karen tsaunukan sanyi ne, an yi shi da gashi mai kauri don tsare garke cikin ƙanƙara. Ka tuna zafin Zariya a Maris da Afrilu, sannan ka ce a ɗaure shi wuni guda a tsakar gidan siminti. Kaska kuma cikin wannan gashin take ɓuya, kafin ka ankara ta shanye masa jini. Idan ya girma yakan haura kilo 50, ba uwargida ce za ta riƙe shi ba ranar da ya fizge sarƙa.

Alsatian ya fi saurin ɗaukar horo, amma shi ma yana son mai zama da shi, yana fita da shi. Ko wanne ka ɗauka, ka kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU). Tun yana sati 6 zuwa 8 ake fara allurar da ke kare shi daga gudawar jini mai kashe kwikwiyo, ta haukan kare kuma idan ya cika wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. Wannan ta ƙarshen kada ka yi wasa da ita, kana da yara.

Tsohon mafarauci, Ƙofar Doka:
Ɗana, abin da ya ci maka tumaki rashin mai haushi ne, ba rashin mai cizo ba. Nemi karenmu na gida. Ya san rana, ya san hunturu, kanzo da ɗumame da ɗan ƙashi daga mahauta sun riƙe shi. Amma ka je da ƙafarka ka ga uwar. In ta taso maka da haushi, mai ita ya tsawata ta koma ta kwanta, ɗauki ɗanta. In sai an jefe ta take yin shiru, bar su. Ka kawo shi yana ƙarami ya tashi cikin kajin, ranar da ya fara bin ɗan tsako a kwaɓe shi nan take.

Uwar yara, Tudun Wada:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni dai tambayata, ka shawarci uwargidan? Ita za ta wuni da shi, ita za ta zuba masa abinci. A yi masa ɗakinsa can wajen turke mai inuwa, da kwanonsa daban, kada ya saba shiga inda ake salla. Kuma kar a bar ƙaramar ita kaɗai da shi, ko a bari ta matso yana cin abinci. Miyar da ta ji albasa ma a daina ba shi, tana cutar da kare.

Mazaunin Dogarawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, jiya muka yi maganar, ta yarda amma da sharaɗin a ɗaure shi da rana, a sake shi bayan isha'i. Baba, akwai wata karya da ta haihu a rugar da muke sayen nono ta hanyar Basawa. Ranar Asabar in sha Allahu zan je in ga uwar.